Takardar da Na Rubuta wa Bitrus

Ƙanwata Rifkatu,

Ina gaishe ki da kyau. Yaya Fatakwal, yaya maigida da yara? Yaya ƙafar taki? Mu nan Zuru lafiya, dawa ma ta fara nuna.

Sai dai hankalina ba a kwance yake ba. Ɗanki Bitrus bai samu aikin gadin asibitin nan ba, kuma ni na jawo. An ce ya kawo shaidar hali daga wani tsohon soja, sai na zauna na rubuta da Turancinmu na bariki. 'Yata Hannatu, da take koyarwa, ta ce in kawo ta duba. Na kore ta. Duk shekarun da na yi cikin kaki, 'yar cikina ce za ta gyara mini rubutu?

Na rubuta cewa Bitrus "too gentle" ne, a nufina yabo. Aka dawo da takardar an ja layi ƙarƙashin kalmar. Hannatu ta ce, "Baba, da very ka sa, da ka ce yana da kirki ƙwarai. Amma too, ai cewa ka yi sanyinsa ya yi yawa, ba zai iya tsare ƙofa ba."

Bitrus kuwa yana nan yadda kika san shi. Kullum da safe sai ya durƙusa ya gaishe ni, ya saɓa fartanya ya wuce gona. Da ma faɗa ya yi mini, da na fi samun sauƙi.

Ki yafe mini, ki sa shi a addu'a. Ki gaishe da kowa. Wannan wasiƙar ma, ko da yake da Hausa ce, sai da na ba Hannatu ta duba.

Yayanki,
Ayuba