Ƙugiya Marar Ƙaya

Bakin tafki, Inje
Farkon wata

Zuwa ga 'yata Hye-rim,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da jaririn. Yaya tarin nasa? Kada ki fita da shi da sanyin safiya.

Na iso, kuma na sami mahaifinki inda kika zata. Ya kafa tanti a gindin dutse dab da ruwa, a tsakiyar 'yan birni masu zuwa hutu suna gasa nama. Ya rame ƙwarai, har sai da igiya wandonsa yake tsayawa.

Na isar masa da saƙonki yadda kika faɗa: likita zai riƙe masa gado zuwa ƙarshen wata, in aka wuce haka tiyatar ba za ta yi amfani ba. Ko kai bai ɗago daga sandar fatsarsa ba. Cewa ya yi, "Uwar Hye-rim, matsa, inuwarki tana kore mini kifi. In wa'azi ya kawo ki, haikali yana bayan dutsen can."

Na ce, "Baban Hye-rim, da ciwo a cikinka kake zaune kana ɗaukar rai?"

Ya ce, "Su ma ai ba su tausaya wa tsutsata ba."

Kin san tun kafin a haife ki na daina cin abin da yake numfashi. Kin kuma sha raka ni kasuwa mu sayi kifi mai rai mu sake shi a kogi, domin ladan ya isa ga marar lafiya, a ƙara masa kwana. A nan babu kasuwa. Saboda haka da asuba, yana barci, na buɗe ragar da yake tara kifinsa a cikin ruwa, na sake su duka da sunansa. Ban sani ba ko ibada na yi ko sata. Na yi sujada a kan tsakuwa, ban sami amsa ba.

Mahaifiyarki,
Jeong-rye

Bakin tafki, Inje
Tsakiyar wata

'Yata Hye-rim,

Ina gaishe ki, ina gaishe da mutanen gidan. Na ji daɗin jin jaririn ya sami sauƙi. Kin tambaye ni yaushe za mu taso. Ba ni da ranar da zan ba ki.

Ganye ya yi ja a kan duwatsu, masu hutu sun fara raguwa. Kullum mahaifinki yana kama kifi, kullum ina sakinsu. Da safe sai ya ɗaga raga ya yi ta faɗa yadda maƙwabta za su ji: "Jama'a, akwai wata tsohuwar dabba a tafkin nan, da carbi take yawo!" Su yi ta dariya, ni kuwa in sunkuyar da kai in dama masa kunun shinkafa, wanda ko rabi ba ya sha.

Jiya da rana na tarar da shi a bayan tanti da filaya a hannu, yana danne ƙayar ƙugiyoyinsa ɗaya bayan ɗaya, yadda za su fita daga bakin kifi ba su yage shi ba. Na tambaye shi dalili. Ya ce, "Rabona da iya haɗiye kifi tun bazara. Amma in ban kama ba, Malama, me za ki saka? Sai ki zauna ki sa ni a gaba kina kallo."

Hye-rim, na ɗauka ni ce nake yi masa aiki a ɓoye, ashe shi ne yake nemo mini abin yi. To ladan na wane ne? Kifin da aka kama domin in sake shi, na cece shi ko ni ce sanadin wahalarsa? Shekara da shekaru ina ganin na fi mutumin nan sanin hanya. Yanzu ko hanyar zuwa asibiti na kasa nuna masa.

Na durƙusa na roƙe shi. Ya ce ya ga yadda aka yanka yayansa a asibiti aka ɗinke, yayan bai sake ganin sararin sama ba sai ta taga.

Mahaifiyarki,
Jeong-rye

Bakin tafki, Inje
Ƙarshen wata

'Yata,

Ina fata kun tashi lafiya. Ki yi wa likita godiya, ki ce ya ba wani gadon. Kada ki yi fushi da mahaifinki. In fushin ya zama dole, ki yi da ni, ni aka aiko na kasa.

Tantinmu kaɗai ya rage a bakin ruwa. Yau ya zauna a kujerarsa, kifi ya ja, sandar ta kuɓuce masa. Hannunsa ba ya iya riƙewa. Ya bi ta da ido kawai. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba, ko ranar da aka gaya masa ciwon.

Na shiga ruwa na ɗauko ta. Ni da ko sauro ba na kashewa, na tsaya ina jan kifi, shi kuwa yana ta yi mini tsawa: "A hankali mana! Ba guga kike ja ba!" Da na fito da shi, na ɗora masa a tafin hannu, na tallafe hannun da nawa, muka sa a ruwa. Shi ya buɗe yatsunsa.

Ban san hukuncin abin da na yi ba, kuma ba zan tambaya ba. Gobe ma ni zan riƙe sandar.

Ki zo ranar Asabar, ki kawo bargo mai kauri, ki kawo jaririn. Kada ki zo da maganar asibiti.

Mahaifiyarki,
Jeong-rye