Motar da Na Hana Baba Issaka Ya Taɓa

Zuwa ga mahaifina, marigayi Masta Garba na Magazin.

Assalamu alaikum, Baba. Bayan gaisuwa irin wadda ɗa ke yi wa uba yana durƙushe, ina roƙon Allah Ya sa kana cikin rahama, Ya yalwata maka makwanci. Mu nan lafiya lau. Surukarka Rahinatu tana gaishe ka, jikokinka sun girma, rufin gidan Alabar da ka bari yana yoyo mun canja shi tun bara.

Na san ba kai za ka karanta wannan ba. Mutanen Zango ne za su karanta, su da suka ishe ni da tambayar me ya sa zan rabu da motar da ko wata shida ba ta yi a hannuna ba. Wasu sun ce karayar arziki ce, wasu sun ce hannu aka sa mini. Na gaji da amsa musu ɗaya bayan ɗaya, kuma gaskiya ni kaina ban gama gane amsar ba. Shi ya sa na ce bari in gaya maka, su kuma su leƙa.

Baba, na sayi mota. Jif ce baƙa, sabuwa dal, irin wadda ta fito kwanan nan, kujerunta har da leda. Kasuwar shinkafa ta yi albarka, na ce ni ma bari in ɗana. Kai ka yi shekara arba'in a Magazin ta Suame, unguwar makanikai, kana kwance ƙarƙashin motocin mutane, amma a keke kake komawa gida. Ranar da aka miƙo mini ita, kai na fara tunawa, har manajan kamfanin ya tambaye ni ko wani abu ne ya faɗa mini a ido.

Manajan nan ya maimaita mini magana ɗaya sau uku kafin in fita. Ya ce in makanikin waje ya sa mata hannu ko sau ɗaya, alkawarinsu na gyara kyauta ya tashi. Na ce na ji. Da wannan maganar a kaina na nufi Magazin.

Ka san al'adar, ai a wurinku muka gan ta. Duk ɗan gidan fita, wato makaniki, da ya yi mota, ba ya kai ta gida sai ya fara kai ta shago. Babba ya buɗe bonet, ya kafa sukundireba a jikin injin, ya ɗora kunne a kan ƙotarsa ya saurara, sannan ya yi addu'a a raba goro. Da kana nan, kai za ka yi. Tunda ba ka nan, sai Baba Issaka, abokinka da kuka raba rumfa ɗaya da kwano ɗaya, wanda ya yi maka wanka na ƙarshe da hannunsa.

Ya fito yana ɗingishi da gwiwoyin nan nasa, da sabuwar hula a kai. Ashe tun da safe ya aika aka sayo goro. Ya zagaya motar sau biyu yana cewa, "Garba bai gani ba, Garba bai gani ba." Sai ya zaro sukundireba daga aljihu ya ce in buɗe masa gaba.

Na riƙe masa hannu, Baba. A wuyan hannu na riƙe shi, gaban fitocin da sun fi talatin. Na ce, "Baba, yi haƙuri, kamfani sun hana." Ya dubi hannuna, ya dubi fuskata, ya mayar da sukundireban aljihu. Ya ce, "To, Allah Ya tsare hanya," ya koma rumfa. Goron nan har yau ban san wanda ya ci shi ba.

Ina fita na ji abin ya tsaya mini a rai. Na ce gobe zan dawo in ba da haƙuri. Gobe ta zama jibi, jibi ta zama wata. In na gaishe shi a masallaci yana amsawa, sai dai mutumin da ya saba ce mini Sule ya koma ce mini Alhaji.

Ita kuwa motar tun washegari ta fara rikita ni. Na ɗauko tsumma da safe zan duba mai yadda na ga kana yi wa kowace mota, na nemi sandar duba mai sama da ƙasa, babu. Na kira kamfani, wata mai sanyin murya ta ce ai motar da kanta za ta rubuto mini a allo in tana son mai. Ba ta da makulli, maɓalli ake dannawa. Hannayen ƙofarta shigewa suke cikin jiki, sai ka matso su leƙo, wani lokaci kuma ka matso su yi kamar ba su san ka ba. In na tsaya a danja sai injin ya mutu, gabana ya faɗi, in ɗaga ƙafa ya tashi da kansa, wai tattalin mai take yi. Allon gaba sau biyu yana yin baƙi ƙirin ina cikin tafiya.

Cikin Alabar kuwa ba a magana. Mai kayayo, yarinyar dako, ta gifta da kwano a kai, motar ta hau kuka. Mai turin baro ya matso, ta taka birki da kanta har goshina ya kusa dukan sitiyari. Na kai ƙara sau uku, kowane zuwa sai su jona mata kwamfuta su ce lafiyarta lau, ni ne ban saba ba. Ni dai har na fara yarda ƙauyancina ne.

Sai Mma Hawa ta rasu, matar Baba Issaka, wadda ta goya ni wata uku lokacin da mahaifiyata ke jinya. Da safe ta cika, cikin damina, aka yi mata salla bayan azahar a ƙofar gida. Motar gawa ta yi gaba zuwa maƙabartar Tafo, inda kai ma kake kwance. Ni kuma na kawo tawa bakin ƙofa, don na san gwiwar Baba Issaka ba ta hawa trotro, motocin hayar nan. A raina na ce yau zan wanke kaina. Ya tsaya ya ɗan dube ta, sannan ya shiga.

Ka san lungun nan ranar jana'iza, mutum ne maƙil daga wannan bango zuwa wancan, kowa na tafiya bakin titi ya sami mota. Tawa ta ga mutum a gaba ta tsaya, ta ga mutum a gefe ta yi kuka, ta matsa taku biyu ta sake tsayawa. Masu rakiyar gawa take ɗauka haɗari. Kafin mu fita titi, motar gawa ta daɗe da ɓacewa, hadari kuma ya haɗu.

Muna kan hanyar Tafo ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Muka ratsa wani wuri da ruwa ya kwanta, ba ma mai zurfi ba, tasi ta wuce shi a gabanmu. Allon ya cika da rubutu ja da rawaya, sitiyari ya yi tauri, da ƙyar na gangara gefe, sai komai ya ɗauke. Na danna maɓalli, shiru. Na ja ƙofa, ta ƙi. Na miƙa hannu na ja tasa, ita ma ta ƙi. Muna ciki a kulle, gilashin wajensa ne kawai a sauke kamar faɗin tafin hannu.

Trotro biyu cike da fitocin Magazin suka tsaya a bayanmu. Suka sauko cikin ruwa suka zagaye motar, mutanen da za su iya kwance tirela su mayar kafin la'asar, amma ko hannun ƙofar da za su kama babu. Ɗaya ya sunkuyo ya ce, "Masta, mu fasa gilashi?" Baba Issaka ya ce, "Ku bar ta, kamfani sun hana." Wallahi ba da fushi ya faɗa ba, da ma da fushin ne da ya fi mini sauƙi. Na ce su fasa, su farfasa duka. Suka tsaya suna dubansa, don maganar Masta suke jira, kuma kowa ya san ba a jawo dattijo mai irin gwiwarsa ta taga.

Muna cikin haka wayarsa ta yi ƙara. Babban ɗansa ne daga maƙabarta, yana magana da ƙarfi har ni ina ji. Ya ce sun jira, kabari ya fara tara ruwa, suna kwashewa yana komawa. Baba Issaka ya ce, "Ku sa ta. Kar ku bar ta cikin ruwa saboda ni." Ya ajiye wayar a cinya, ya zuba wa gilashin gaba ido.

Ni kuwa ina ta kiran kamfani. Da aka ɗaga, aka ce in sa hannu can ƙasan aljihun ƙofa, akwai wani ɗan ƙarfe a ɓoye, in ja shi. Na ja sau ɗaya ƙofa ta buɗe. Abin yana nan kusa da gwiwata tun farko. Muka sa Baba Issaka a gaban trotro mutum huɗu suna tallafarsa. Da muka isa an riga an rufe. Ya durƙusa da ƙyar, ya ɗebi laka da hannu biyu ya ɗora a kan tudun. Na hango naka daga nesa, kunya ta hana ni ƙarasawa.

Tun ranar kaina a ɗaure yake. Kamfani sun ce ruwa ne ya taɓa wata na'ura, sun gyara, sun ce ba za ta sake ba. Manajan ya ce maganar ɗan ƙarfen nan tana cikin littafin da suka ba ni, littafi mai kaurin bulo wanda ban taɓa cire wa leda ba. Rahinatu ta ce to ka gani, laifin wa? Wani abokina a Atonsu yana da irinta sak, ya ce shi bai taɓa jin daɗin mota kamarta ba. To ni ban sani ba, Baba. Motar ce ba ta da kirki, ko titinmu ne ba a yi ta don shi ba, ko ni ne na sayi abin da ya fi ƙarfin kaina? Abin da na sani, ban ƙara iya zama a kujerar nan ba tare da na ji muryar Baba Issaka yana cewa ku sa ta ba.

Na ce wa kamfani su karɓi abarsu. Sun so su ba ni wadda ta fi ta sabunta, wai ita an gyara duk waɗannan. Na nuna musu wata tsohuwar jif ta hannu da ke can bayan fili, mai makulli na ƙarfe da hannayen ƙofa a waje. Manajan ya dube ni kamar na zare. Asara dai na yi, ba sai an faɗa ba. Na ce su ba ni ita kwana biyu, akwai wanda zai duba mini kafin in sa hannu.

Jiya na kai ta Magazin. An yi addu'ar arba'in ta Mma Hawa, Baba Issaka ya koma shago. Ni na sayi goron da kaina. Na durƙusa a cikin baƙin man nan na gaban rumfarku na ce ya yafe mini, na ce ga mota na kawo. Ya daɗe bai motsa ba. Sannan ya miƙe, ya ce in tayar da ita. Ya kafa sukundireba, ya ɗora kunne, ya rufe ido. Duk rumfar ta yi tsit.

Da ya ɗago sai ya yi magana da ƙarfi, irin ta wanda ba ya jin muryar kansa sosai, kowa ya ji. Ya ce, "Kunnen nan guduma ta cinye shi tun ubanka na raye. Magana ina ji in an ɗaga murya, amma ƙaramin kukan injin ya wuce ni. Garba ne yake tsayawa a gefe ya saurara, ya yi mini alama da yatsa, ni kuma in faɗa. Tun da ya tafi ban ƙara jin injin ba. Ranar nan ba gyara zan yi maka ba. Addu'ar da ubanka zai yi maka na zo in yi."

Baba, shekara nawa kuka yi kuna haka ba wanda ya sani? Ko a gida ba ka taɓa faɗa ba.

Sai na ji bakina ya tambaye shi ko motar mai kyau ce. Ya ce, "Oho." Fitoci suka yi dariya, shi bai yi ba. Ya ɗaga hannu ya yi addu'a doguwa, ya ambaci sunanka sau biyu, aka shafa aka raba goro.

Gobe zan je in sa hannu. Ban san ko na yi canji mai kyau ba, ba kuma wanda ya iya gaya mini. Ban san ko ya yafe ba, don bai ce ya yafe ba, kuma abin da ya rasa a hanyar Tafo ba motar da za ta mayar masa da shi. Amma da zan tafi ya dafa ƙofar, ya ce ranar Juma'a in zo da wuri in ɗauke shi, yana da mutum biyu da zai gaisar.

To ka saurare mu ranar Juma'a, Baba. Wannan karon zan ƙaraso har inda kake.

Allah Ya jiƙan ka, Ya jiƙan Mma Hawa, Ya haskaka kaburburanku. Allah Ya ba Baba Issaka haƙuri da lafiyar gwiwa, Ya saka maka da alheri a kan asirin abokinka da ka rufa. Ni kuma Ya yafe mini hannun da na riƙe. Amin.

Ɗanka,
Sule, daga Alabar.