Jinin Cibiyar Jaririnku, Saboda Inna

Ambassatna, N'Djamena
Sha'aban, 2006

Ƙanena Abdurrahim,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta iske ka lafiya, kai da matarka Kausar, ya kuma sauke ta lafiya. Mutanen gida duk ƙalau, ban da Inna, kuma a kanta na zauna rubutun nan.

Mantuwar da ka bar ta da ita ta wuce inda kake tsammani. Yanzu kullum sai ta ƙulle kayanta a zane, wai ayarin Makka zai tashi ya bar ta, ayarin da kakanninmu suka yada zango da shi a garin nan tun ba a haife ta ba. Ran Talata ta sulale. Har la'asar muna nemanta, sai a kasuwar Grand Marché Alamin ɗan Kawu ya gan ta, ba takalmi, tana tambayar masu atamfa hanyar gabas. Wallahi na gaji, kuma tsoro nake ji.

Alamin ɗin ne ya ji a rediyo cewa likitocin Turai na gwada wasu ƙwayoyin halitta, cellules souches, masu iya zama kowane irin nama a jiki, har na ƙwaƙwalwa, wai ana samunsu a jinin cibiyar jariri. Na kai maganar wurin likitan Inna. Ya ce a kan ɓeraye ake gwajin tukuna, ba wanda aka warkar, in daina wahalar da zuciyata. Na ce masa uwata ce ba tasa ba, na fito. Na san ban kyauta ba.

To ga roƙona. Kai da ka iya faransanci har ka fi masu shi surutu, yi amfani da bakin nan sau ɗaya. In Kausar ta haihu a asibitinku na Lyon can Turai, kada ka bari a zubar da jinin cibiyar. Ka ce su ajiye, ka tambaya ko jinin jika zai yi wa kaka. Gwoggo Kubura ta ce cibiya binnewa ake yi a gida, ba a ba wa Nasara. Na ce mata a yafe mana wannan karon.

In sun ce ba zai yiwu ba, kada ka rubuto min dogon bayani, ka taho da kanka. Shekaranjiya ina yi wa Inna wanka ta kalle ni ta ce Allah ya yi wa iyayena albarka, 'yar wane gida ce ni. Ni ta riga ta sake ni. Sunanka ne kaɗai ya rage a bakinta, kuma jiya sai da ta yi ta lalube kafin ta kamo shi.

Yarana Fauziyya da Imrana suna gaishe ku. Ka gaida Kausar da kyau.

Yayarka,
Mairama