Ɗiyar Ma'aikaciya Ba Ta Bin Layi

Ranar Asabar

Yayata abar ƙauna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara, musamman babban ɗana Sarkin Ci. Ciwon bayan nan naki ya yi sauƙi? Mu nan alhamdulillahi.

Saƙonki ya iso, Allah ya saka da alheri. Rigunan sun yi kyau, ko da yake har yanzu yarinyar iyo take yi a cikinsu. Sai dai da na kai ƙasan jakar na tarar da fida, kwalbar ba jariri madara, sabuwa fil a kwalinta. Yaya, ni kika aiko wa fida? Shekara tara ina tsayawa gaban mata kowace Talata a ɗakin awo ina faɗa musu nono zalla har wata shida, ko ruwa ban da shi. A teburina akwai durowa guda da ba komai a cikinta sai fidojin da na ƙwace daga jakunkunan mata. In aka ga wannan a gidana ai sai in nemi wani aikin. Na jefa ta saman kabad, duk ranar da kika zo ki tafi da abarki.

Ba tsohon zance nake son tayarwa ba. Na san har yau kina jin zafin abin da na faɗa miki lokacin da kika kawo mana Sarkin Ci awo yana wata biyu, da gwangwanin madara a jakarki. Kika ce nononki bai isa ba, na ce babu macen da nononta ba ya isa, sai dai raguwa. Da na sani da ba a gaban mutane na faɗa ba, amma maganar dai ban janye ta ba.

'Yarki yau satinta shida. Ban taɓa ganin jaririya mai haƙurinta ba. Ta kama nono, ta ɗan ja, sai barci. Maƙwabta har tambaya suke wai da gaske an haihu a gidan nan. Babanta ya laƙaba mata Malama, wai ta cika natsuwa.

Ranar Talata na kai ta awo. Kin san ɗiyar ma'aikaciya ba ta bin layi. Ina shiga aka karɓe ta, wannan ta ɗauka waccan ta karɓa, har Metiron, shugabarmu, sai da ta fito daga ofis. 'Ya'yan mutane tsirara muke ɗora su a sikeli ko ihu suke tsalawa, amma Sista Doguwa da ke kan awo ta rantse ba za ta tuɓe 'yarta a ƙarƙashin fanka ba. Ta ɗora ta da tawul da bargo da hula. Kilo huɗu cif, daga uku da ɗigo ɗaya na haihuwa. Na ɗaga katin na nuna wa matan da ke layi, na ce su ga aikin nono.

Ki gaishe da mutan gida duka.

Ƙanwarki,
Auta

Ranar Alhamis

Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri. Ya gida, ya yara, ya jikin naki? Allah ya ƙara sauƙi.

Takardarki ta zo, na karanta ta sau biyu don in tabbata idona ne ya gani. Wai a hoton da na aiko kin ga wuyan hannun Malama ya yi siriri, wai in ɗan haɗa mata da madara ko sau ɗaya a rana. Ashe yanzu a hoto ake awo? Da mun sani da mun sayar da sikelinmu mun ɗauke ki aiki. Ke da babanta bakinku ɗaya. Shi ma kullum ya ɗauke ta sai ya ce yarinyar nan ba nauyi. Na ce masa ya tsaya kan injinan motocinsa, ni ban taɓa leƙa garejinsa na ce ga yadda ake ɗaure noti ba.

Hutun haihuwa ya ƙare, yau kwanana goma da komawa aiki. Wata uku suke ba mu, mu kuma muna ce wa mata wata shida, ban taɓa lura da wannan ba sai yanzu. Maman Tagwaye, maƙwabciyarmu, ita ke riƙe min ita, in bar mata nonon da na tatsa ta ba ta da kofi da cokali. Wurin tatsar ne abin haushi. Duk asibitin nan babu ɗaki guda mai sakata, sai in shiga sito in zauna kan kwalin safar hannu in danne ƙofa da ƙafa. Sai na fara a ƙwanƙwasa ana neman auduga. Minti ashirin ina matsar kaina har fata ta yi ja, abin da zai taru bai rufe gindin kofi ba. Gajiya ce, na sani. Ni nake faɗa wa mata cewa iya tsotso iya zuwan nono.

Maman Tagwaye ta ce kafin sha ɗaya na safe nonon ya ƙare, amma yarinyar ba ta kuka, sai dai ta tsotsi hannu ta yi barci. Ta tambaye ni ko ta ba ta wani abu. Na ce duk ranar da ta sa mata wani abu a baki, ranar za mu raba gari.

Shekaranjiya aka yi mata allura. Layin ya kai har baranda, sikeli kuma ba hutu. Sista Doguwa ta karɓe ta a cikin bargonta, ta ɗan jijjiga ta a hannu ta ce, "Biyar da rabi, ni hannuna ya fi sikeli." Ta ɗiga a kati, muka yi dariya, na koma bakin aiki. Metiron kuma ta ce masu duba asibiti za su zo wata mai zuwa, tana son a manna hotona da Malama a bangon ɗakin awo, mata su gani su yi koyi.

Don haka ki kwantar da hankalinki. Ki bar min wannan fannin, nawa ne.

Taki,
Auta

Ranar Litinin

Yayata,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya. Kada ki tsorata da ganin rubutun nan a karkace, a kan gwiwata nake yi, a bakin gadon asibiti. Malama ce aka kwantar, yau kwana biyar, amma da sauƙi.

Ranar Laraba da la'asar na dawo daga aiki na ɗauke ta, na ji ta laƙwas kamar tsumma. Maɗigarta ta faɗa, nafkin ɗin da na sa mata tun safe a bushe. Na ce mu tafi wurin aikina. Babanta ya tayar da mota ya wuce ta gaban asibitinmu, bai tsaya ba sai babban asibitin da ke ɗaya gefen gari, inda ba wanda ya san ni.

Nas ɗin da ta karɓe mu ta tuɓe ta tsirara ta ɗora a sikeli. Yaya, ni da nake yi mata wanka kullum, sai a kan farantin ƙarfen nan na ga haƙarƙarinta. Fatar cinyarta a tattare kamar ta tsohuwa. Kilo uku da ɗigo tara, yarinyar da ta kusa wata huɗu. Nas ɗin ta dubi sikeli, ta dubi kati, ta tambaya wace mahaukaciya ce ta rubuta biyar da rabi. Daga nan ta juyo kaina. Wai irinmu ta san mu, muna ƙyashin ba yaro nono don kada ƙirji ya zube. Ta sa hannu ta matsa nonona a gaban mutane, ta ce ga shi yana fita, uban me ya hana ni ba ta? Ban ce mata ni ma'aikaciya ce ba. Ko yadda ta riƙe ƙugu irin nawa ne.

Likitan ya fi ta sauƙin baki. Ya sa aka auna ta kafin ta sha da bayan ta sha, abin da ta samu a jikina bai taka kara ya karya ba. Ya ce akwai mata ƙalilan da haka jikinsu yake, kome za a yi nonon ba zai wadatar ba, kuma haƙurin da muke yaba mata rashin ƙarfin kuka ne. Aka yi mata ƙarin ruwa, ya rubuta madara, ya ce in ci gaba da ba ta nono in cika da ita.

Ba zan ɗora wa Sista Doguwa ba, ko da yake da na gan ta ranar da na shaƙe ta. Kara ta yi min, irin wadda muke yi wa junanmu. Ni ce na ga rigunan wata ɗaya har yanzu suna shigarta. Ni ce nake ƙirga nafkin ina samun biyu a rana, alhali na san abin da biyu ke nufi, don ni nake koyar da shi. Ranar da aka auna ta a hannu, daɗi na ji da ba a ɗora ta a sikeli ba. Wannan ban faɗa wa babanta ba, ke kaɗai na faɗa wa.

Irin madarar da likita ya rubuta ba a same ta a kusa ba, sai a kemis ɗin da ke kallon ƙofar asibitinmu. Na ja mayafi na shiga. Mai kemis ya gane ni tun kafin in yi magana, ya miƙo gwangwani yana murmushi. Ya ce, "Sista, ai Talata ce ranar cinikina. Kina gama lacca suke tsallako titi." Wai a wurinsa ma suke ajiye fidojinsu kafin su shiga awo, su karɓa in sun fito. Na tambaye shi wa ke nuna musu yadda ake haɗawa da yadda ake dafa kwalbar. Ya ce shi dai sayarwa yake yi. Shekara tara ina cika rajista da nono zalla, nono zalla, ina alfahari duk yankin ba mai adadinmu.

Ki sa mu a addu'a.

Ƙanwarki,
Auta

Ranar Juma'a

Yaya,

Bayan gaisuwa, ya kuke, ya Sarkin Ci da ƙannensa? Takardarki ta same ni. Na buɗe ta ina jiran ki ce ai kin faɗa min, sai na tarar da shafi biyu kan yadda ake wanke fida da yadda ake gwada zafin madara a bayan hannu. Da zagina kika yi da ya fi min sauƙi.

Sati uku ke nan da sallamarmu. Malama ta fara cika riga. Na tambayi likita ko yunwar watannin nan za ta bar mata wani abu, ya ce yana kyautata zato, amma sai an ga yadda za ta zauna da yadda za ta yi tafiya. Kin ga ke nan da sauran jira a gabana.

Nono kuwa ta ƙi shi. Tun da ta gane na fida yana zuwa ba wahala, in na kai mata nawa sai ta kau da kai ta bankare. Na yi ta gwadawa kwana goma, shekaranjiya na haƙura. Wata huɗu da kwana tara na shayar. Har gobe na san babu abin da ya kai nono, kuma ina jin haushin gwangwanin nan duk lokacin da na buɗe shi. Shi ya ceci 'yata, ni ban iya ba.

Na koma aiki. Metiron ta yi min jaje, sannan ta rage murya ta ce kada fida ta shigo mata harabar asibiti har masu dubawa su zo su tafi, maganar hoto kuma a bar ta. Na ce to a ba ni minti goma ranar Talata in nuna wa masu ba da madara yadda ake haɗa ta, tunda suna bayarwa ko mun so ko mun ƙi. Ta ce wannan talla ce, ba aikinmu ba ne. Washegari na ga an mayar da sunana ɗakin allura. Sista Doguwa ce ke laccar yanzu, ita ta gaji durowar.

Awo kuwa can babban asibitin nake kai ta. Jiya ni ce ta arba'in da uku a layi, na tuɓe ta da hannuna. Kilo huɗu da ɗigo shida. Nas ɗin nan ta tambaya me take sha, na ce madara. Ba ta ɗago kai ba, ta ajiye baƙin biro ta ɗauki ja, ta rubuta a saman katin da manyan baƙaƙe, UWA TA ƘI SHAYARWA. Duk inda na kai yarinyar nan har ta shekara biyar, abin da za a fara karantawa ke nan. Na buɗe baki zan yi magana, aka kira ta arba'in da huɗu.

Yaya, katin Sarkin Ci yana nan? Na san ki da adana takarda. In yana nan, a saman shafin farko akwai kalmomin nan huɗu da jan biro, kuma kin san hannun wa ne. Shekara biyar kina miƙa katin nan ga baƙin fuska suna karantawa suna ɗago kai su dube ki, ko sau ɗaya ba ki faɗa min ba. Ni kwana ɗaya na yi da nawa, yau da safe na kasa buɗe jakar da yake ciki.

Ki gaishe min da ɗana. Ke kuma ban san da bakin da zan gaishe ki ba.

Ƙanwarki,
Auta