Ɗakin da Hamani Ya Rufe

Malanville, Litinin 13 ga Fabrairu, 2017

Zuwa ga Yayana Safiyanu,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina gajiya, ina zahin Kwatano? Yaya Nazifa da goyo? Mu nan lahiya lau, sai dai hankalina ba kwance yake ba.

Ka san ordinatar nan, wato kwamfutar da ka bar min, wadda ke ɗauke da muryar marigayi Baba yana faɗin iyakar gonarmu ta shinkafa a Madekali. Ranar Asabar delege, wato mai unguwarmu, zai zauna kan rigimarmu da Ango mai gonar kusa, kuma muryar nan ce kaɗai shaidarmu. To, Kawu Dogo ya ce na'urar ta yi nauyi, kada ta kunyata mu gaban mutane. Ya kai ta wurin Hamani mai gyara na bakin kasuwa, aka sa mata sabon tsari, wai Linus. Ta dawo tana gudu, amma Yaya, wayam! Ba muryar Baba, ba hotunan Inna.

Ni fa ban yarda da Hamanin nan ba. Ka manta ƙanwar Ango yake aure? Kuma a jikin na'urar an rubuta girman ma'ajiyarta jiga ɗari biyar, ciki ɗari biyu kawai nake gani. Sauran ƙasa ta haɗiye su? Muka je shagonsa da Kawu na tambaye shi, sai ya sunkuyar da kai yana ta juya wata waya, wai in dawo wani lokaci. Mai gaskiya ba ya haka. Na wanke shi tas gaban masu albasa, har da ce masa maci amana. Kawu ne ya janye ni yana ba ni haƙuri, wai abin da ya tahi ya tahi.

Ka sa mu a addu'a. Ka gaida mutan gida.

Ƙanwarka,
Zulfa

Malanville, Alhamis 16 ga Fabrairu, 2017

Yayana,

Bayan gaisuwa da tambayar lahiyarku, yau da kunya nake rubuto maka.

Jiya da hantsi, Kawu na haye gada zuwa Gaya, sai ga Hamani ya yi sallama. Na so in kore shi. Ya roƙi in kunna na'urar kawai, ya rubuta layi ɗaya, sai ga kayanmu duka sun hito. Yaya, da na ji Baba ya yi gyaran murya, sai ga hawaye. Na yi kuka har na gode Allah.

Ga yadda ya bayyana min. In za a sa sabon tsari, zaɓin farko da na'ura ke kawowa shi ne a share diski, wato ma'ajiyar, gaba ɗaya a mai da shi ɗaki guda. Kawu ya ce masa ya bi wannan zaɓin, ya maimaita har sau biyu, sannan ya tambaya ko abin da aka share yana iya dawowa. Tambayar nan ce ta tsaya wa Hamani a rai. Sai ya raba diskin biyu da hannunsa, sabon tsari a ɗaki ɗaya, kayanmu a ɗayan. Ya hana namu buɗewa in an kunna, shi ya sa ban gan shi ba. Ya kuma saita shi yadda ko an buɗe, sai dai a ji a gani, ba a gogewa. Ran da na je shagonsa ba ya iya magana, Kawu na tsaye kansa.

Sauran kuwa daga matarsa ya ji: gehen gonar da Baba ya ara wa Kawu, Kawu ne ya sayar wa Ango bara, ya ce nashi ne. Ka ji fa! Mutumin da na zaga ya tsare muna shaidar da za ta kada surukinsa, ƙanin Inna kuwa shi ya so shahe ta.

Yau da sahe na koma gaban masu albasar nan, na ba Hamani haƙuri da ƙarhi yadda na zage shi da ƙarhi. Shi kuwa cewa kawai ya yi in kwahe muryar a wuri biyu.

Don Allah kada ka kira Kawu. Yanzu haka yana zaure yana cin tuwon da na tuƙa, ya tambaye ni ko na haƙura da muryar, na ce masa na haƙura. Ya ce ma shi zai raka ni wurin delege ranar Asabar. Kusa da shi zan zauna in kunna muryar Baba.

Allah ya jiƙan Baba, ya bar mu tare.

Taka har kullum,
Zulfa