Ba Ka da Mai Masauki ne, Musiliu?

Fagge, Kano,
14 ga Agusta, 1956.

Zuwa ga ƙanena Musiliu,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka lafiya a duk tashar da jirgin ruwanku ya tsaya, Ya tsare ka daga sharrin teku. Mu nan damina ta yi kyau. Inna tana nan da ciwon gwiwarta, 'yata Rukayat ta fara tafiya, ba ta bar kwano ko ɗaya a zaune ba. Sai dai Baba ba shi da lafiya, kuma dalilin rubutun nan ke nan.

Hotunan da ka aiko sun iso. Na ga wanda kake zaune a kan ciyawa a bakin tafki a Ingila, da na gindin dutsen nan na tsibirin Las Falmas, da na bakin teku a Saliyo inda ka ce itatuwan kwakwa har cikin ruwa suke leƙe. Wurare ne masu kyau, ban musa ba. A kowanne ga ka ka miƙe ƙafa, da abinci a kan ƙyalle, kana washe haƙora kamar gonar auduga. Ni dariya na yi, na ce yaron da ko a tsakar gida ba ya yarda ya ci tuwo don tsoron ƙuda, yau shi ne mai cin abinci a daji. Da na sani, da ban kai wa Baba su ba.

Ka san Baba Raji. Tun kafin a haife mu yake saukar da fataken goro a gidan nan, kuma abin alfaharinsa ɗaya ne: baƙo bai taɓa cin abinci a waje ba a ƙofarsa. A wurinsa, wanda ya buɗe kwano a fili, a idon jama'a, mutum ne da gari ya ƙi. Ya daɗe yana duban hotunan, ya kawo su kusa da ido, ya juya su, sannan ya tambaye ni ina rufin yake. Na ce babu rufi, shan iska ne. Sai ya ce ƙasa uku, a ce babu wanda ya buɗe wa ɗansa zaure ko a ɗaya?

Na yi bayani har bakina ya bushe. Na je Sabon Gari na ɗauko Okechukwu mai kantin yadi, wanda ya yi aiki da Turawa, ya faɗa masa cewa al'adarsu ce, masu gida da kujeru ma sukan ɗauki abinci su tafi bakin ruwa don nishaɗi, suna kiransa fikinik. Baba ya saurare shi, ya ba shi goro, ya yi godiya. Da ya tafi sai ya ce mutumin kirki ne, ya zo ne ya rufa mana asiri, amma babu mai hankalin da zai bar ɗakinsa ya je ya ci da tururuwa.

Tun daga ranar ya yi rantsuwa ba zai ƙara sa loma a ƙarƙashin rufi ba sai ɗansa ya sami rufi. Kullum sai ya sa a zuba masa abinci a kwano, ya dogara sandarsa har tashar jirgin ƙasa, ya zauna a gindin darbejiya tare da matafiyan da ba su da kowa a Kano, ya ci da su. Wanda ya yarda kuma ya jawo shi gida ya ba shi ɗaki. Ranar Laraba ruwa ya dake shi a can, Yakaka mai ƙosai ce ta rako shi gida yana rawar sanyi. Yanzu tari ya kama shi, ƙirjinsa yana ƙara. Malam Ilu liman ya ce masa ya yi kaffara ya warware rantsuwar, ya ƙi. Jiya da ba ya iya tafiya, a tsakar gida muka shimfiɗa masa tabarma ya sha kunu, ana yayyafi, Inna tana riƙe da lema tana kuka. Ita ma lemar sai da ya yi gardama a kanta.

Abin da ya fi ci mini rai, Musiliu, shi ne da na ji yana tambayar Inna wai wane baƙo ya taɓa kora bai sani ba, da har Allah Ya rama a kan ɗansa. Tsoro nake ji ƙwarai. Damina da saura, jikinsa kuma ba na da ba ne.

Saboda haka ka bar mana tafki da dutse haka nan. Ranar da ka karanta wannan, ka nemi mai hoto ya ɗauke ka a cikin ɗaki, rufi ya fito, ƙofa ta fito, da kwano a gabanka, da wani dattijo a gefenka ko da kukun jirginku ne. Ka aiko da gaggawa. In kuma kun tsaya a Ikko, ka hau jirgin ƙasa ka zo ka ci tuwo a zaurensa, don gani ya kori ji.

Inna tana gaishe ka, da Anti Wasilat, da maigidana Moshood, da Malam Ilu. Na tambayi Baba saƙonsa, bai ba da gaisuwa ba. Cewa ya yi in tambaye ka sunan mai masaukinka, ko mutum ɗaya ne a duk duniyar da ka zaga, don ya sa shi a addu'a.

Ka aiko da suna, ƙanena.

Taka yayarka,
Mulikat.