Ɗigon Jan Farce a Wuyan Jita

Zuwa ga Yaya Musa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta ƙani ga yayansa, da fatan Allah ya haskaka makwancinka. Na yi ɓarna, Yaya, kuma tsoro ya hana ni sakat.

Ka san Inna ta soma mantuwa tun kana raye. Yanzu abin ya yi nisa. Sau uku muna gaya mata rasuwarka, sau uku tana yin sabon kuka, sai muka daina. A wurinta kana Gadau kana koyarwa. Duk la'asar nakan zauna a zaure da jitarka in kaɗa waƙar nan taka, ita kuma daga ɗaki ta ce, "Musa ya dawo." Sai ta ji kiɗan take yarda ta ci abinci.

Ka tuna yadda ka koya mini? Siffar yatsu ɗaya tak. Ka ce, "Kada ka sake ta, Habu, ja ta kawai." Babban yatsan dama yana kan tsirkiya mai kauri, sauran suna tsinkar sirara, hagu kuma tana zamewa a wuyan jitar. Da ka ga kaina ba ya ja, ka ari jan farcen Anti Rabi ka ɗiga mini alama huɗu a gefen wuyan. Ka yi dariya ka ce ko jaki zai bi wannan hanya. Shekara shida ina bin ɗigon nan, ban taɓa ƙirga ƙarafan wuyan ba.

Makon jiya wuyan ya tsage, na kai wa wani kafinta a bayan kasuwa. Mutumin kirki ne. Ya ɗinke tsagar, sannan don ya faranta mini ya goge wuyan tas da samfefa, ya shafa fenti mai ƙyalli. Har yana cewa ya cire mini dattin, alhali ɗigon nan huɗu ya share.

Siffar tana hannuna, Yaya, amma ban san inda zan tsaya da ita ba. In ja, in wuce. In dawo, in gaza. Jiya na zauna a zaure da jitar, na kai gaɓa ta uku na sauka a wurin da ba shi ba. Can sai na ji muryar Inna daga ɗaki, garau kamar ta da: "Wannan ba hannun Musa ba ne. Ina Musa?"

Na ajiye jitar na fice kamar ɓarawo. Tuwon yana nan a rufe, ba ta taɓa ba.

La'asar ta kusa. Ina jin tsoro, wallahi. Ban san wanda zan iya ba, nemo wurin nan ko gaya mata karo na huɗu.

Allah ya jiƙan ka, ya gafarta maka, ya sanyaya zuciyar Inna, ni kuma ya daidaita mini hannu.

Ƙaninka da bai iya ƙirga ba,
Habu, Azare